Albam Ne Ko Waƙa Guda Da 'Yan Rakiya? Musayar Baitoci

Kawu Mai Kalangu:
Salamu alaikum 'yan zaure. Na zauna na saurari sababbin albam ɗin da samari ke yayi, na Kano da na Legas, tun daga waƙar farko har ta ƙarshe. Ga abin da kunnena ya ji. Mai ja ya amsa da baiti.

Da sunan Ta'ala nake fara zance,
A kan kundayen da ake ta sakowa.

A ce mana ga sabon albam ya sauka,
Ka kunna, ka rasa abin riƙewa.

Waƙa goma sha biyu jere a layi,
Guda ɗai a ciki take motsawa.

Fiyano a farko, fiyano a ƙarshe,
Kalangu da kotso suna ta ɓacewa.

Na'ura ta goge muryar mawaƙi,
Ta wane da wane ba ka rabewa.

Ina son ki, ke ce, ki zo, kar ki bar ni,
Abin nan kaɗai ne ake juyawa.

Ku tuna da Shata a tsakar fage,
Yana ƙera baiti babu gogewa.

Ɗan Fagge:
Kawu barka da hantsi, ai ka makara,
Kasuwa ta ci ta watse, ka zo kana shara,
Kunnenka na kaset ne, sai an kai shi gyara,
Kafin ya ji daɗin kiɗan yau.

Ka tuna 2020 da annoba ta kulle gari,
Jaruma ta Hamisu Breaker ta zaga gari-gari,
Uwargida da amarya sun taka ba shiri,
Fiyanon da ka raina ne, Kawu, har yau.

Ka leƙa Legas ka ga aikin Burna,
Twice as Tall ya ci Grammy, ya ƙara suna,
A 2021, duniya ta gani da rana,
Wane kalangu ya taɓa zuwa can har yau?

Kawu Mai Kalangu:
Ɗana ka yi saurin zare takobi,
Da bakinka ka ba ni abin kamawa.

Na ce maka kundi, ka kawo guda ɗai,
Ina 'yan'uwanta, na ji ka yi tsawa?

Jero mini biyar da ka haddace su,
Ba tare da ka je waya dubawa.

Batun Grammy kuwa, kyautar Amurka,
Da taushi da kotso ba sa tantancewa.

Digirin girmamawa Shata ya karɓa,
A Zariya, inda ake ganewa.

Ka bar alfahari da rigar maƙwabci,
Idan ya tashi zai zo karɓewa.

Hajiyar Funtuwa:
Allah ya ƙara basira Kawu! Ka gama magana. Yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Ɗan Kwari:
Hajiya a yi adalci. Kawu bai amsa batun Jaruma ba, zillewa ya yi. Ɗan Fagge muna bayanka, kar ka sassauta.

'Yar Damagaram:
Kawu da ƙanena ku saurara mana,
Kano da Legas kaɗai kuke kira da suna,
Ku ɗaga kai arewa ku dubi ƙasar iyayena,
Can ne za ku ga abin da ake kira kundi.

Mdou Moctar, Buzu mai kaɗa jita,
Da hannun hagu yake sa ta magana da kanta,
Funeral for Justice, 2024 ce shekarar fitarta,
Ba ka tsallake waƙa a wannan kundi.

Tun daga farko har ƙarshe magana guda ce,
Ƙasa mai yuraniyom, ga duhu a kwance,
Faransa ta ɗiba, talaka ya talauce,
Zare ɗaya ya ɗinke dukan kundi.

Da Tamashek yake yi, yana kukan harshensa,
Kada yara su yar da shi su rungumi Faransa,
Ganga na gudu, jita na bin bayansa,
Ku ji shi tukun, sannan ku yi mini batun kundi.

Ɗan Fagge:
Yaya kin zo da zafi kamar ana korar ki,
Tamashek ɗin nan, fassara aka karanta miki,
Turawa suka yaba, sai yabon ya burge ki,
Da can ba mu ji kina ambaton sa ba sai yau.

Kuma bari in tuna miki inda ya faro,
Anar, kundinsa na farko, a Sakkwato ya ɗauko,
2008, na'urar gyaran murya ya aro,
Wadda Kawu ke zagi, ita ta haife shi, ga shi yau.

Malamin Aruli:
Ku yi haƙuri in tsoma baki. Kuna sukar awon mawaƙa alhali naku awon ya karye. Kawu ya buɗe da Mutaƙarab tsaf, ɗaya daga cikin ma'aunan Aruli, wato ilimin awon waƙa: da-su-nan, Ta-'a-la, na-ke-fa, ra-zan-ce, fa'ulun sau huɗu. Amma a baiti na uku ya fara ɗango da "waƙa", gaɓa mai nauyi a gurbin marar nauyi, ƙafar farko ta gurɗe. Shi kuwa Ɗan Fagge, ɗangonsa ba biyu da suka yi tsawo ɗaya, ga lambobin shekara ya cusa a tsakiya. Ta yaya za a rera 2008? Kuma "faro", "ɗauko", "aro" amsa-amon wasali ne kawai, harafin ya sauya.

Ku auna kalamai gabanin ku furta,
Awo ne na waƙa, ku daina gudun shi.

Aƙilu Aliyu da Sa'adu Zungur,
Da Namangi duk sun tsaya ne a kan shi.

Mai sukar kiɗan wani sai ya gyara,
Karin baitukansa, ya san nauyin shi.

Ɗan Fagge:
Malam ka zo da sikeli tsakiyar biki,
Ana rawa kana ƙirga gaɓa da hannu da baki,
Barmani Choge da ƙwarya ta yi aiki,
Ba ta san Mutaƙarab ba, ana jin ta har yau.

Aruli na Halilu ne, daga Basra ya taso,
Narambaɗa ma'auninsa yana cikin kotso,
In baitina ya yi ɗingishi kiɗa zai matso,
Ya tallafe shi, haka ake yi har yau.

Malamin Aruli:
A nan ba kotso ba ƙwarya, rubutu muke yi, ba abin da zai tallafi baitinka sai kansa. Kuma kada ka ɗauka Barmani ba ta da awo don ba ta san sunansa ba. Ka saurari amshinta, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa.

Ɗan Kwari:
Malam kai ma "Mai sukar" da ka fara baitinka na uku da ita gaɓa mai nauyi ce. Laifin da ka kama Kawu da shi ke nan.

Malamin Aruli:
Aruli ya yarda a sauke harafin farko na fa'ulun a farkon baiti, ana kiran sa harmu. Ka je ka karanta.

Hajiyar Funtuwa:
To in ya halatta gare ka, ya halatta ga Kawu. Kawu baitinka lafiya lau.

'Yar Damagaram:
Na dawo na tarar an bar albam ana ta ƙirga gaɓa. Ƙanena, ga amsarka, ba ta wuce ba.

Gaskiya ne a Sakkwato ya fara rarrafe,
Ta katin waya waƙarsa ta ratsa hamada a ƙafe,
Amma ya miƙe ya yi gaba, ku kuna nan a lafe,
Kiɗan 2008 kuke sayar mana a sabon kundi.

Kuma ba sai na ji Tamashek zan san kuka ba,
Kai ma Yarbancin Legas ba ka iya ba,
Ka yi rawarsa, ban ce maka ka yi laifi ba,
Kunne ke shaida in an yi aiki a kundi.

Kawu Mai Kalangu:
'Yata ta kawo ni inda nake so. Cikin na Legas da na saurara akwai wanda ya riƙe ni, kuma shi ne hujjata a kan yaranmu.

Asake ya saki nasa a 2022,
Mr Money, ka ji shi ba ka gajiyawa.

Fuji na su Barrister ya ɗauko,
Da amapiano ya yi gaurayawa.

Ga 'yan amshi tuli a bayan muryarsa,
Gajere ne kundin, ba ya jan ƙafa wa.

Bayarabe bai yar da gangar gidansu,
Ya kai ta situdiyo ya yi sabuntawa.

Mu namu kuntigi tun ran da Ɗan Maraya,
Ya rasu a 2015 yake ratayewa.

Gurmin Haruna Uji na Haɗeja,
Wane albam ne yau yake ɗaukowa?

Ba ƙin zamani nake ba ɗana,
Gadon gida nake so a yi ɗorawa.

Malamin Aruli:
"Ba ya jan ƙafa wa" ba Hausa ba ce, Kawu. An jawo "wa" ne da ƙarfi don amsa-amo.

Ɗan Fagge:
Malam ka bari mu gama, ka ci gaba da awo,
Kawu na ji batun gurmi, amma wa zai kawo?
Makaɗan sun tsufa, 'ya'yansu sun bar koyo,
Mai situdiyo fiyano ya tarar a gabansa yau.

In da gaske kake, ba kuka a zaure ba,
Nemo mai kalangu wanda hannunsa bai mutu ba,
Kawo shi Titin Gidan Zu, ba zan ƙi biya ba,
Asabar mai zuwa, ka ba ni amsa yau.