Dunƙulallen harsashi a bindiga mai matsattsen baki

Assalamu alaikum masana bindigar farauta, a taimaka min. Bindigata geji 12 ce (geji shi ne ma'aunin faɗin bututun bindiga), cikin bututunta sumul, bakinta kuma matsattse ne sosai, ya tsuke da kusan milimita 0.9, kuma matsin ba ya ciruwa. Ina harba dunƙulallen harsashin dalma samfurin Foster, mai rami a gindi, wanda ke matsewa ya fice. Yana ficewa kam, amma a mita 50 kowane harbi inda yake sauka daban, ga dalma tana maƙalewa a bakin. Ba na son in raunata dabba ta gudu tana wahala. Matsin ne matsalar? Dunƙulallen harsashi samfurin Brenneke zai fi, ko sai na sake bututu mai buɗaɗɗen baki? Kuma bakin ba zai kumbura ba?