Ta yaya ake gwada ƙarkon mambiren na injin tace ruwa na RO?

Mai Ruwan Leda: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar ruwan leda a Kano, kuma daga rijiyar burtsatse muke jan ruwa. An ce mini mambiren, wato fatar da ke tace gishiri daga ruwa a cikin injin RO, yakan yi shekara 3 zuwa 5, amma duk sanda muka wanke namu sai ruwan da yake fitarwa ya ƙaru, lambar mitar TDS mai auna gishirin da ya narke a ruwa ma ta hau. Shin wankin ne ke cinye shi, kuma ta wace hanya masana suke auna ƙarkonsa?

Injiniya: Wa alaikumussalam, Alhaji. A ɗakin gwaji ba a jiran shekaru. Ana jiƙa yankin mambiren a ruwan kulorin mai ƙarfi, ko a yi ta wanke shi da soda da asid a jere, sannan a tura masa ruwan gishiri mai ppm 2,000 (wato miligiram 2,000 na gishiri a kowace lita) a zafin digiri 25 domin a ga gishirin da yake bari ya wuce. Ana lissafa wahalar da ya sha ta hanyar ninka ƙarfin kulorin da yawan awanni. Sai dai wannan lissafi yana da rauni, domin awa ɗaya a kulorin mai tsanani ba daidai take da watanni a mai rauni ba, kuma ƙarfen da ke cikin ruwan burtsatse yana hanzarta ɓarnar. Abin da ka bayyana, wato ruwa ya ƙaru tare da gishiri, ya fi kama da a ce fatar poliyamid, wato siririn saman mambiren da ke tare gishiri, ta ƙone ko ta ƙuje. Wanda ya toshe ruwansa raguwa yake yi.

Malamin Kimiyya: Na yarda da Injiniya, amma a ganina littafin rajista ya fi amfanar Alhaji. A rubuta matsi, yawan ruwa, TDS na shiga da na fita, da zafin ruwan kullum. Zafin yana da muhimmanci, domin kowane digiri ɗaya yana canza yawan ruwa da kusan kashi 3 cikin 100, shi ya sa idan sanyi ya rage ruwan a lokacin hunturu wasu suke wanke mambiren mai lafiya, suna zaton ya toshe. Ba a wanki sai ruwa ya ragu da kusan kashi 10 bayan an cire tasirin sanyi.

Injiniya: Haka ne, Malam. Alhaji, ka bincika ko yaranka suna haɗa ruwan wankin da ruwan tankin da aka zuba wa kulorin, domin kulorin yana ƙona fatar, sannan ka kwance matacin mikron 5, wanda ke tare datti kafin ruwa ya isa mambiren, ka duba ko yashi yana wucewa.

Mai Ruwan Leda: Na gode, Allah ya saka da alheri. Da ruwan tankin suke haɗawa kuwa. Daga yau da wanda injin ya tace za su riƙa yi.