Gidan kakanmu na Koki: a sayar ko a gyara?

Ɗan Koki:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Gidanmu na gado yana unguwar Koki a birnin Kano, ginin ƙasa ne, tubali da azara. Kakan mahaifinmu ya gina shi, Ba'agale ne, wato daga Agalawa 'yan kasuwa, falken goro. Da jakuna yake zuwa Gwanja, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ciniki ya karkata ga gyaɗa. Zauren ɗaurin guga ne, wato rufi mai bakuna da suka haɗu a tsakiya, ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji sanyi kamar an yayyafa ruwa. Nan yake saukar baƙi, huhunan goro kuma a shigifa.

Daminar bana indararo ya toshe, ruwa ya kwana a rufi, zanko ɗaya, tsinin ado na saman soro, ya faɗo, bangon gabas ya tsage. Yanzu an taya gidan, mai tayin shaguna zai yi. Wallahi raina ba ya so. Shin akwai sauran magina da suka iya wannan aikin?

Malam Na-Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan magabata. Akwai su, sai dai yawanci sun manyanta. Roƙona ɗaya, kar ka bari a shafa siminti a kan ƙasa. Danshi yake riƙewa, bango ya ruɓe ta ciki, wata rana ya zubo gaba ɗaya. Yaɓe da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, shi ne maganinsa. A fara duba azarar, itacen giginya ne, gara ba ta cika cin ta ba.

Jikan Sarari:
Unguwannin nan kasuwar Kurmi ce ta raine su, attajiri ba ya son nisa da hajarsa. Alhassan Dantata a Sarari ya zauna har ya rasu a 1955. Larabawan Tarabulus da Gadamas kuwa suna Dandalin Turawa. Yau ka zaga, zankwaye nawa za ka ƙirga?

Hajiya Yaya:
Ɗana, na ji zafinka, amma gado haƙƙi ne. In cikin magada akwai marayu ko mai buƙata, tarihi ba zai biya musu kuɗin makaranta ba. In kana da hali, a yi wa gidan kuɗi ka sayi kasonsu.

Ɗan Koki:
Gaskiya ne Hajiya, ƙanwar babanmu tana riƙe da marayu uku. Ranar Juma'a bayan an sauko za mu zauna, zan kawo maganar. Malam, don Allah haɗa ni da maginin, ko rufin a ceto kafin ruwa ya dawo.