A taimaka min, huhu a maikroskof ya gagare ni

Ɗalibar Garwa: Salamu alaikum. Ranar Litinin muke da TP na huhu, wato darasin gwaji a labo (ɗakin gwaje-gwaje), kuma wallahi ko wane gilashi aka sa min, ramuka kawai nake gani, ja-ja da shuɗi. A gidan kawuna nake zaune, ni ke girki, ni ke wanke-wanke, ga ɗauke wuta, ga Baba sai da ya sayar da sa kafin ya biya min kuɗin shekarar nan. In na sake faɗuwa da wane ido zan dube shi? Yaya ake bambance bututun iskar nan na huhu, buronshi da buronshiyol?

Tsohon Ma'aikacin Labo: Wa alaikis salam 'yata. Nemi guringuntsi. Bututun da kika ga yana da ɓallin guringuntsi a bangonsa, buronshi ne. In babu, kuma faɗinsa bai wuce milimita 1 ba, buronshiyol ne. Ramukan nan kuwa su ne jakunkunan iska, mutum yana da su fiye da miliyan 300. A wane gilashin ƙara girma na maikroskof kike farawa, mai lamba 4, 10 ko 40?

Ɗalibar Garwa: Baba, kai tsaye nake zuwa 40, don na fi gani sosai. Su ma ƙawayena haka suke yi.

Tsohon Ma'aikacin Labo: Ai ga ciwon nan. Da 4 ake farawa, sannan 10. A 40 ne kike neman ƙwayoyin bango: nau'i na 1 shimfiɗaɗɗu ne, siraran gaske, sun rufe kusan kashi 95 cikin ɗari, nau'i na 2 dunƙulallu ne a kusurwa, su ke fitar da ruwan da ke hana jakar manne wa kanta. Masu baƙin ɗigo a ciki kuma ƙura da hayaƙi suka haɗiye.

Maman Biyu, Marwa: Hayaƙin nan shi ya kwantar da surukata, shekara da shekaru a gaban murhun itace. Muka kai ta asibiti, hoto ma sai da muka yi kwana da kwanaki muna layi. Allah ya ba ki sa'a ƙanwata.

Ɗan Ngaundare: 'Yar'uwa, bar wahalar da kanki. Haddace hotunan 'yan ajin bara, su ake maimaitawa. Ko ki je wurin mahauta ki sayi huhun rago.

Tsohon Ma'aikacin Labo: Huhun mahauta sai dai farfesu. Ba a jiƙa shi a fomol, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, ba, ba a yanka shi siriri ba, ba a rina shi ba, me za ta gani? Ta ɗauki fensir ta zana abin da ke gabanta, shi ke nan.

Ɗalibar Garwa: Na gode Baba, amma mu takwas ne a kan maikroskof ɗaya, ina lokacin zane? Ɗan Ngaundare, kana da hotunan a wayarka?