PostgreSQL na ƙorafi bayan faifai ya lalace

Tambaya: Jama'a, faifan sabar ya sami matsala, yanzu manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL 14 na cewa "invalid page in block". Ta ina zan fara?

Amsa 1: Malam, tsayar da sabar tukuna. Kwafe faifan gaba ɗaya da ddrescue, manhajar ceto bayanai, zuwa lafiyayyen faifai, ka yi aiki kan kwafin, don karatu yana ƙara wa faifai mai ciwo rauni. Duba lafiyar faifan da umarnin smartctl -a. Idan Current_Pending_Sector ya wuce 0, akwai wuraren da ba sa karantuwa.

Amsa 2: Sannan ka gudanar da pg_checksums --check don gano shafukan bayanan da suka lalace, PostgreSQL a kashe, muddin checksums (lambobin tantance lafiyar shafi) na kunne tun farko. In fihirisa ce ta lalace, REINDEX, wato sake gina fihirisar, ya wadatar.

Amsa 3: Kada ka taɓa saitin zero_damaged_pages sai ba madogara. Shafin 8kB da ya lalace yake sharewa, layukan bayanan da ke cikinsa sun tafi ke nan.