Idan na gaba ya ce akwai gargada a sama

Matuƙin ƙaramin jirgi:
Salamu alaikum. Duk wanda ya taɓa faɗawa mummunar gargadar iska bayan matuƙin jirgin da ke gabansa ya yi gargaɗi, ya ba mu labari. Bari in fara da kaina. Ina cikin jirgi mai kujera huɗu, sai na ji matuƙin wani babban jirgin fasinja yana gaya wa hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage cewa ya gamu da gargada matsakaiciya wajen gangarowa. Na ce ai da sauƙi. Ban kawo a raina ba cewa nasa ya haura tan 60, nawa kuwa da kyar ya wuce tan 1. Abin da ya ɗan girgiza shi, ni wurgi ya yi da ni. Kaina ya bugi rufi duk da bel, hannuna ya kasa kama maɓallin rediyo.

Mai aikin hasumiya:
Kyaftin, Allah ya ƙara tsarewa. Shi ya sa ba ma isar da rahoto sai da samfurin jirgin, da wurin, da tsayin da yake, da lokaci. Rada, wato na'urar hango yanayi daga nesa, ɗigon ruwa take gani. Hadarin damina za ta nuna maka shi tun daga nesa, amma gargadar da ke cikin sarari fayau ba ta bayyana a allo, sai dai wanda ya ratsa ta ya faɗa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne matuƙin da zai sha jijjiga ya yi gum, sai ya sauka ya ba abokai labari. To na bayansa fa?

Ma'aikaciyar cikin jirgi:
Ni tun abin da ya sami jirgin Singapore Airlines a ranar 21 ga Mayu, 2024 na daina gardama. Daga Landan ya taso, a sararin Miyanma ya zurma kusan mita 54 cikin daƙiƙa 5 ba cika ba, ana tsakar rabon karin kumallo. Mutum ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata, aka karkatar da shi Bankok. Yanzu kyaftin na cewa an samu rahoto, nake kulle keken abinci in zauna, ko da fasinja zai harare ni saboda shayinsa.

Wata Hajiya:
'Yata, ki ci gaba da kullewa. A hanyarmu ta Jidda daga Kano aka sanar cewa jirgin da ke gabanmu ya sha wuya, kowa ya ɗaura bel. Shiru, shiru, babu komai. Wani dattijo ya ce tsoratarwa ce kawai, ya miƙe zai yi alwala. Bai kai ƙofar banɗaki ba jirgin ya zurma. Da hannu a ɗaure ya yi ɗawafinsa.