Neman suna: idan manhaja ta tashi wata manhaja

Assalamu alaikum, malamai masu koyar da kwamfuta a Samaru da Sabon Gari da cikin birnin Zazzau. Akwai aikin da muke koyarwa amma har yanzu ba mu tsayar masa da suna a Hausa ba, wato a rubuta umarni a cikin manhaja irin su Excel ko LibreOffice, umarnin kuma ya sa wata manhaja dabam ta fara aiki. A VBA, harshen rubuta umarni wanda ya shigo Excel tun 1993, umarnin Shell ne ke yin haka.

Wasu malamai sun kawo "buɗewa", sai dai da yawa daga cikin manhajojin da ake tasowa ta wannan hanya ba sa nuna taga ko kaɗan, suna matse fayil ko su mayar da shi PDF su gama ba a gan su ba. "Ƙaddamarwa" kuwa kunnen Bahaushe ya riga ya saba jin ta wajen bikin littafi.

Shawarata ita ce "aiken waje". A cikin aike akwai mai aika, da wanda aka aika, da saƙon da aka ba shi, kuma sunan fayil da sauran bayanan da ake miƙa wa manhajar su ne saƙon. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kalmar tana sa ɗalibi ya yi tambayar da ta fi muhimmanci: ana jiran ɗan aiken ko ba a jira? Shell na VBA ba ya jira, yana wucewa layi na gaba nan take, shi ya sa ɗalibi kan nemi fayil ɗin da ba a gama rubutawa ba, ya rasa dalilin kuskuren. LibreOffice yana ba da zaɓin a jira, haka nan a harshen shirya manhaja na Python, umarnin subprocess.run yana jira, na Popen ba ya jira. Sai mu ce "aike mai jira" da "aike marar jira".

Sunan zai kuma taimaka wajen gargaɗi, domin manhajar da aka aika tana aiki ne da izinin mai kwamfutar, tana iya goge duk abin da shi zai iya gogewa. Saboda irin wannan haɗari, a 2022 Microsoft ya fara toshe makro, wato umarnin VBA da ake ajiyewa a cikin fayil, a fayilolin da aka sauko da su daga intanet.

Lambar da manhajar ke mayarwa idan ta gama, wadda 0 ke nufin an yi nasara, ina ganin a kira ta "amsar aike". A nan ne nake neman gyaranku, malamai, musamman masanan Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello.